Yadda Gwaggo Ta Gyara Jirgin Sama Tana Zaune

Akwati mai karyayyar ƙafa. Jakar kayan jariri. Man zafi na gwiwa. Carbi. Bargo, don an ce mata sama akwai sanyi. Tocila, don ba ta yarda akwai inda ba a ɗauke wuta ba. Sanda. Gwaggo.

Kayan da na shiga filin jirgi da su ke nan a makon jiya. Sauran duk an duba su an wuce. Ta ƙarshen ce ta tsaya a tsakiyar zauren jira, ta dogara sanda, ta ce a nuna mata jirgin tukuna.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ba ta taɓa hawa jirgi ba, ba ta kuma taɓa jin ta rasa wani abu ba. Autarta ce ta jawo. Tana aure can ɗaya kusurwar ƙasar, cikin fari ne, likita kuma ya ce jaririn ya zauna a karkace, washegarin tafiyarmu da safe za a yi mata aiki. Auta ta bugo waya tana kuka, ta ce ba za ta shiga ɗakin tiyata ba sai ta ga uwarta.

Mota ba ta cikin lissafi. Gadar da ke kan hanyar ta karye tun bara. An buɗe sabuwar har sau biyu a talabijin, da almakashi da tafi, amma har yau kwalekwale ne ke tsallakar da mutane. Direban da muka saba ɗauka kuwa yana layin mai, ya daɗe a can har ya san sunayen 'ya'yan wanda ke gabansa. Saura jirgi. Aka duba dangi aka ce ni zan raka ta, tunda ni na yi karatu a ƙasar sanyi, na saba da sama. Ɗan Ƙanƙara ake ce mini a gida. Ban taɓa amsawa da daɗin rai ba, ba a kuma taɓa fasawa ba.

Ranar da na kai mata tikiti ta juya shi, ta ƙura wa tambarin ido.

"Ɗan Ƙanƙara, ba wannan ne kamfanin da murfin jirginsa ya faɗo a gonar mutane ba?"

"Sun canza suna, Gwaggo."

"Murfin fa?"



Ku ma kun tuna. Murfi ya faɗo, Allah ya taƙaita, akuya kawai ya samu. Ba a jima ba wani jirgin ya sauka yana hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace. Mutane suka fara ja da baya. Manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, ba su runtsa ba. Nan take suka kafa Kwamitin Kwantar da Hankalin Matafiya. Kada wanda ya raina aikinsa. Ya zaga ƙasashen duniya ya gano yadda hankalin mutanensu yake a kwance. Ya dawo ya sa an yi wa jirage sabon fenti. Ya shimfiɗa darduma mai laushi a ɗakin hutawar manyan baƙi. Ya raba laima mai ɗauke da rubutun "Sama Lafiya Lau", wadda ni dai na ga amfaninta, ko ba komai idan wani murfin ya sake faɗowa. Rahoton bincike kuwa ana nan ana nazarinsa. Rahoto ba ya son gaggawa.

Shugaban kwamitin ba zan kama sunansa ba. Mu ce masa Mai Girma Garkuwan Gajimare, Bangon Sararin Samaniya.

Ni na san lissafin. A inda na yi karatu jirgi kamar bas yake, ka hau ka yi barci a tashe ka. Jirgi ya fi mota aminci nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne, na kuma faɗa wa Gwaggo. Abin da ban faɗa mata ba shi ne an yi wannan lissafin a inda idan noti ya kwance ake korar wani daga aiki. A nan idan noti ya kwance kwamiti ake kafawa.

Mutanenmu kuma ba sa jiran rahoto, sun ƙirƙiro nasu binciken. Ba ruwansu da shekarun jirgi ko yaushe aka buɗe injinsa. Tambaya ɗaya ce: wa ke ciki? Idan aka ga babban mutum ya hau, kowa ya bi shi da gudu, don an san ba a ɗora babba a kan abin da ake shakka. Idan kuwa daga kai sai 'yan kasuwa da ɗalibai, za ka ga mutum ya tuna ya bar tukunya a wuta. Masu tura kaya a filin jirgi har sun mai da abin sana'a. Ɗaya zai raɓo ka ya ce a kunne, "Maigida, na rana za ka bi, akwai manya."

Kwamiti ya gano wannan, a nan ne kuma na sara masa. Sai aka fara nuna Garkuwan Gajimare a talabijin kusan kullum. Ga shi yana hawa matakala, ga shi yana ɗaga hannu, ga shi zaune a bakin taga yana murmushi. Gwaggo da kanta ta gan shi, abin da ya sa ta yarda ta karɓi tikitin ke nan.

Ana gobe za mu tafi na biya ta rumfar maƙwabcina Mai Faci.

"Malam, in ka je ka ɗan danna musu tayar da yatsa," in ji shi.

"Ba a bari a matsa kusa."

"To ka ji. Ni ko amalanke ce, in aka hana ni taɓa tayarta ba na hawa."

"Ai Garkuwa yana hawa kullum," na ce, don in tsokane shi.

Ya tsoma tub cikin ruwa yana neman huji. "Hawa dai. Kullum hawa. Mutumin nan ko can sama yake kwana?"

Muka yi dariya, na wuce.

To ga mu a zauren jira. Na kai Gwaggo bakin gilashi na nuna mata jirginmu. Fentinsa sabo ne, sai ƙyalli yake. A ƙarƙashin fiffiken hagu an ajiye shuɗin bokiti, wani abu yana ɗiga cikinsa. Wani ma'aikaci yana tsaye yana kallon bokitin. Wani ma'aikacin yana tsaye yana kallon mai kallon bokitin.

Na je na tambayi yarinyar da ke duba tikiti.

"Raɓa ce," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Raɓa da rana tsaka?"

"Daga wani garin ya zo da ita."

Na dawo na faɗa wa Gwaggo yadda aka faɗa mini, ban ƙara ba, ban rage ba. Ta kalli bokitin ta kalle ni.

"Ɗauki akwatin mu koma gida."

Kamar ana jin ta, sai wayata ta yi ƙara. Mijin Auta ne. Ya ce an ba ta gado, ta ƙi cin komai, duk wanda ya turo ƙofa sai ta ɗaga kai ta duba ko uwarta ce. Na miƙa wa Gwaggo wayar. Ta saurara, ta ce "To, to, gani nan," ta miƙo mini. Ta nemi benci ta zauna. Ba ta ce za ta hau ba, ba ta ce ba za ta hau ba. Carbi kawai ta ciro. Na dubi sauran fasinjoji, kowa ya ga bokitin, kowa yana lallashin kansa da waya.

Sai jiniya.

Baƙaƙen motoci suka shigo har gindin jirgin, inda mu ba a bari mu taka. Aka buɗe ƙofa. Ciki ya fara fitowa, mai cikin ya biyo baya. Garkuwan Gajimare ne da kansa, masu kyamara na gabansa suna tafiya da baya. Zauren ya ɗau sowa. Wata 'yar kasuwa mai manyan jakunkuna ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillahi! Da babba a ciki!"

Wani dattijo da tun ɗazu yake neman a mayar masa da tikitinsa ya dawo layi ya ma wuce gaba. Gwaggo ta dafa kafaɗata ta miƙe.

"Ashe raɓar ce," ta ce. "Mu je."

Kujerunmu na can baya ne, kusa da bayan gida. Mun zauna ke nan sai ga wani siririn mutum mai kwat, riƙe da jakar fata da wayoyi. Shi ne mai riƙe wa Garkuwa jaka. Yana tafe yana duba fuskokin mutane kamar mai zaɓen rago. Ya tsaya a kanmu.

"Yawwa. Inna, sannu. Mai girma yana so ya ɗauki hoto da wata dattijuwa daga cikin talakawa. Taso mu je gaba."

"Wa ya ce maka daga cikinsu nake?" in ji Gwaggo. Amma ta tashi. Na kwashi sanda da bargo da jakar jariri na bi su.

A nan suka yi kuskuren da har gobe ba za su daina cizon yatsa a kansa ba. Mai kyamara yana son hasken taga ya bugi fuskar mai girma, don haka aka sa shi ciki, bakin taga. Gwaggo aka ba kujerar bakin hanya. Jirgin ƙarami ne, kamfanin kuma ya matse kujerun don su ƙara yawa, har na gaba ba su tsira ba. Ma'aikaciyar jirgi ta durƙusa ta ɗaura wa Gwaggo bel. Gwaggo ta ce gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, na tura mata jakar jariri, ta miƙe ƙafar a kai. Ta karɓi sandarta ta gitta.

Garkuwa ya gyara murya ya yi wa kyamara jawabi. Ya ce shi da talaka jirgi ɗaya suke ciki. Ya ce ba zai taɓa ɗora al'umma a kan abin da shi ba zai hau ba. Ya ce sama lafiya lau. Ya dafa kafaɗar Gwaggo ya ce wannan uwa ce a gare shi. Aka yi tafi. Masu kyamara suka naɗe wayoyinsu suka sauka.

Gwaggo ba ta yi tafi ba. Ta taga take leƙe, ta gefen cikin mai girma. Ta yafito ni, na sunkuya.

"Ɗan Ƙanƙara, wanda aka rako tasha, in ya shiga mota 'yan rakiya juyawa suke. Waɗancan me suke jira?"

Na duba. Baƙaƙen motocin suna nan gindin matakala, ba a kashe ko ɗaya ba. Wani ɗan sanda yana riƙe da ƙofar ta tsakiya a buɗe. Maganar Mai Faci ta faɗo mini a rai. Kullum hawa. Ashe saukar ce ba a ɗauka a hoto.

Garkuwa ya tattara rigarsa ya ɗan ɗaga.

"Inna, a ɗan ba ni hanya."

"Ina za ka, ɗana?"

"Zan ɗan leƙa waje in dawo."

"Me ka manta? A aika yaronka."

Mai jakar ya matso yana murmushin dole. "Inna, mai girma yana da muhimmin taro yanzu yanzu."

"Taron me?"

"Na kwantar da hankalin matafiya."

"To ga matafiya," in ji Gwaggo. "Ya kwantar."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma jirgin ƙarami ne. Maganar ta bi layi layi har bayan gida. Sai na ji wayoyi suna fitowa daga aljihu. Masu kyamarar gwamnati sun tafi, na jama'a sun iso.

"Wallahi in ya sauka ni ma sauka zan yi!" in ji 'yar kasuwar nan daga baya.

"A'a, Hajiya, zauna," in ji dattijon tikiti. "Kowa ya zauna. Shi ma ya zauna."

Garkuwa ya auna hanyar da ido. Ga ƙafar Gwaggo a miƙe, ga sanda a gicce, ga cikinsa. Hanya ɗaya ce, ya tsallake ƙafar tsohuwar da ya gama kira uwa, a gaban wayoyin da suka cika jirgi. Ya ɗaga ƙafa kaɗan. Wani yaro ɗalibi ya ce, "Ɗan ƙara ɗagawa, ranka ya daɗe, bai fito sosai ba." Ya mayar da ƙafar.

Mai jakar ya ja ni gefe. Ya ga tabarau, ya ga agogo, sai ya juya harshe ya yi mini na ƙasar sanyi. Ya ce da gani ni mai ilimi ne, in yi wa uwata magana ta fahimci matsayin wanda take zaune da shi. Na amsa masa da harshen gida, don kowa ya amfana.

"Na yi karatu mai nisa, amma ba a koya mana yadda ake tayar da Gwaggo ba. Mahaifina ma ya rasu bai iya ba."

Ma'aikaciyar jirgi ta zo, ladabi kamar ya zuba. Ta ce ainihin kujerar Inna tana baya.

"Ke kika ɗaure ni a nan, 'yata," in ji Gwaggo. "Kika ce kada in kwance sai mun sauka. Ko ba haka kika ce ba?"

Yarinyar ta ce haka ta ce. Ta juya da sauri tana danne dariya.

Garkuwa ya rage murya. "Inna, bayan gida nake son zagawa."

"An ce sai an tashi ake shiga. Ni ma riƙewa nake."

Ya koma ya zauna, ya juya fuska wajen taga don ya kauce wa wayoyi. A nan ya yi ido biyu da shuɗin bokiti. Ya daɗe yana kallo.

"Wancan mene ne?"

"Raɓa ce, ranka ya daɗe," na ce. "Daga wani garin ya zo da ita."

Ya fizgi waya daga hannun mai jakar. Ban san wanda ya kira ba, amma na san wancan a tsaye ya amsa. Ban taɓa jin shugaba ya yi tambayoyi masu ma'ana irin na ranar ba. Mene ne ke zuba? Tun yaushe? Wa ya sa hannu? Ina injiniya? Ashe ya iya. Duk watannin nan yana da tambayoyin a cikinsa, wurin zama ne bai samu ba.

Jama'a, da kun ga filin jirgin nan. Mutane suka dinga fitowa daga ƙofofin da ban san akwai su ba. Wasu da tsani, wasu da akwatin sifana, wani da farar riga yana gudu yana ɓalla maɓalli. Aka buɗe cikin fiffiken. Aka zaro wani bututu da ya tsage aka ɗaga shi sama, kowa yana girgiza kai kamar yau ya fara ganinsa. An ce sabon bututun tun tuni aka yi odarsa daga waje, yana kan teku. Kafin Gwaggo ta zagaye carbinta sai ga shi an fito da shi daga sito, cikin ledarsa. Tekun ashe bayan ofis yake. Wani ya durƙusa ya danna taya da yatsa. Na so a ce Mai Faci yana wurin. Aka canza ta, aka canza 'yar'uwarta.

Matuƙin jirgin ya fito daga ɗakinsa. Dattijo ne mai furfura a gemu, da gani shi ma yana da masu jiran sa a gida. Ya leƙa taga ya kalli aikin, ya kalli Garkuwa, ya sunkuya wajen Gwaggo.

"Inna, kina da ƙanne? Muna da jirage da yawa."

Ya ce wa ma'aikaciya a ba Inna duk abin da take so. Gwaggo ta ce ruwan zafi.

Rana ta fara karkata. Na ga mai jakar ya duba agogo, fuskarsa ta washe. Ya sunkuya ya yi wa maigidansa raɗa, irin raɗar da layi uku ke ji. Filin jirgin da za mu sauka ba shi da fitilun titin saukar jirgi. An ƙaddamar da su, har an ba wanda ya ƙaddamar lambar yabo, amma ba su iso ba tukuna. Idan gyara ya kai yamma dole a soke tafiyar, kowa ya sauka, har da mai girma.

In aka soke, babu wani jirgin sai gobe da rana, lokacin an riga an shiga da Auta. Garkuwa kuwa ya gyara zama, har ya fara murmushi. Ya ɗauki waya, na ji yana cewa kada a yi gaggawa, rayukan al'umma ne, a duba ɗaya fiffiken ma.

Gwaggo ta ajiye kofin ruwan zafi. Ta laluba jaka ta ciro tocila, ta kunna, ta haska silin.

"In don fitila ce, na zo da tawa."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta kashe tocilar, ta warware bargo, ta rufe gwiwarta, ta ja ɗaya gefen ta rufe gwiwar mai girma.

"Ɗana, 'yata tana can kwance, gobe za a tsaga ta. Na ce mata gani nan. In jirgin nan bai tashi yau ba, ni dai ba inda zan je. A nan zan kwana. Bargon zai ishe mu mu biyu. Gobe sai mu tafi tare."

"Mu ma a nan za mu kwana!" in ji 'yar kasuwa. "Ina da cajar waya!"

Garkuwa ya kalli bargon. Ya kalli wayoyin jama'a. Ya kalli motarsa da ke can ƙasa tana ta shan man da direbanmu ke jira a layi. Ya sake ɗaukar waya.

"A yi sauri!" ya daka tsawa. Ya saurara. "A'a, kada a tsallake komai! A yi sauri a hankali!"

Ban taɓa jin umarnin gwamnati da ya fi wannan daidai ba.

Aka ɗaure, aka gwada, aka tayar da injin aka kashe aka sake tayarwa. Mai farar rigar ya hau da kansa ya ce wa matuƙi an gama. Garkuwa ya ce a maimaita masa shi ma. Aka ɗauke shuɗin bokiti, jirgin ya yi masa tafin bankwana. Mai jakar ya lallaɓa zai sauka, Garkuwa ya damƙo kwat ɗinsa.

"Ina za ka? Nemi kujera."

Kujerar Gwaggo ta baya aka ba shi, kusa da ni, kusa da bayan gida. Aka janye matakala.

Tunda kuna karanta wannan, kun san mun sauka. Tafiyar lami lafiya, sai dai a tsakiya mun shiga gajimare jirgin ya ɗan yi rawa, irin wadda a ƙasar sanyi ko shayi ba a ajiyewa dominta. Daga baya inda nake na ji wata murya ta ce, "Wayyo Inna!" Ba muryar yaro ba ce. Da muka sauka na je kwance Gwaggo na tarar hannunta na cikin na Garkuwan Gajimare, tana ce masa, "Ya isa, ɗana, an iso." Ya ba ta katinsa, ya ce duk abin da take bukata a duniya ta kira shi. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Tocila ba ta yi aiki ba.

Auta ta ɗaga kai, wannan karon uwarta ce. Ta ci abinci. Da safe aka ciro 'ya mace mai lafiyayyar murya.

Ina zaune a barandar asibiti sai ga Garkuwa a talabijin ɗin bango. Wai shugaba na farko da ya yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da talakawa. Wai da idonsa ya hango matsala a fiffike ya ceci rayuka. Wai za a kafa ƙaramin kwamiti don shirya bikin karrama shi. Ban ji haushi ba. Ya cancanta. Ya hango ɗin, da idonsa kuma. Ba a dai faɗi wanda ya riƙe masa idon a wurin ba.

Shawarata ga manya kyauta ce, ba sai an je ƙasar waje an gano ta ba. A daina sayen fenti. Kowane jirgi a sa babba ɗaya a bakin taga, a sa tsohuwa mai ciwon gwiwa a bakin hanya. In ya yi kyau a gwada a gada. A gwada a gadon asibiti. Tsofaffi muna da su, Allah ya albarkace mu. Manya ma ba su yi mana kaɗan ba.

Gwaggo ta leƙo daga ɗakin masu haihuwa tana neman man zafinta. Na miƙa mata, na ce ya kamata in nemi tikitin komawa tun da wuri.

Ta kwance bakin zaninta ta ciro katin, ta danƙa mini.

"Kira yaron nan. Ka ce masa da zarar Auta ta warware za mu koma, ya shirya. Kujerar taga tasa ce, na bar masa. In babu shi babu ni."

Ta ja ƙofa ta rufe.